Ƙwallon ƙafa a Madekali: Hukuncin ofis, cinikin 'yan wasa da gardamar wace ce babbar ƙungiya

Duk baƙon da ya kwana a garin Madekali ranar Asabar ko Lahadi, ba ya bukatar a nuna masa inda gidan kallon ƙwallo yake, domin ƙarar janareta da ihun samari sun isa su kai shi har bakin ƙofa. Madekali dai gunduma ce a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Malanville, wadda mutanenmu suka fi sani da Malanbil, a jihar Alibori da ke can arewacin Jamhuriyar Benin. Ta gabas tana maƙwabtaka da yankin Lolo da Illo na Jihar Kebbi a Najeriya, ta arewa kuma kogin Kwara ne ya raba yankin da Jamhuriyar Nijar, inda garin Gaya yake fuskantar Malanbil. Mutanen wurin manoma shinkafa ne da albasa, da masunta, da fatake, kuma a zama ɗaya za ka ji ana Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa, kamar yadda za ka ga sefa da naira a aljihu ɗaya.

Wannan cakuɗa ita ce ta sa muka zaɓi garin domin jin ra'ayin ma'abota ƙwallon ƙafa a kan abubuwa uku da ba sa ƙarewa a bakinsu, wato hukunce-hukuncen da hukumomin ƙwallo ke yankewa, da yadda ake samo 'yan wasa, da kuma tsohuwar gardamar nan ta wace ƙungiya ce babba. A benci ɗaya za ka tarar da mai goyon bayan Benin, da na Najeriya, da na Nijar, kuma dukkansu suna da abin faɗa a kan mutum guda, wato koci Gernot Rohr, wanda ya horar da Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya horar da Najeriya daga 2016 zuwa 2021, sannan ya karɓi Benin a 2023.

Murnar da ta koma ciki

Zancen da ya fi ɗaukar zafi a hirarrakin da muka yi shi ne na Teboho Mokoena, ɗan wasan tsakiya na Afirka ta Kudu. Idan mai karatu bai manta ba, a wasannin neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026, Benin da Najeriya da Afirka ta Kudu da Ruwanda da Lesotho da Zimbabuwe suna rukuni ɗaya ne. Mokoena ya samu katin gargaɗi a wasansu da Benin a Nuwamban 2023, ya sake samun wani a wasansu da Zimbabuwe a Yunin 2024. Bisa doka, kati biyu na nufin zai huta wasa ɗaya. Amma sai ga shi a fili ranar 21 ga Maris, 2025, lokacin da ƙasarsa ta doke Lesotho da ci 2 da nema.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ba ta yanke hukunci ba sai ranar 29 ga Satumba, 2025, wato bayan fiye da wata shida. Ta ƙwace maki ukun, ta ba Lesotho nasara da ci 3 da nema, ta kuma ci tarar Afirka ta Kudu faran 10,000 na kuɗin Suwizalan. Nan take Benin ta ɗare saman rukunin da maki 14, daidai da Afirka ta Kudu, amma da rinjayen ƙwallaye. Da ta je Kigali ta ci Ruwanda 1 da nema ranar 10 ga Oktoba, sai ya rage mata wasa ɗaya tak tsakaninta da Kofin Duniya na farko a tarihinta.

Wani mai ɗinkin buhu da muka zanta da shi a bakin kasuwa ya shaida mana cewa a kwanaki huɗun nan ko barcin kirki bai yi ba, har ya yi wa yaransa alkawarin yanka musu zakara. Sai dai ranar 14 ga Oktoba a Uyo, Najeriya ta lallasa Benin da ci 4 da nema, Victor Osimhen ya zura uku, Frank Onyeka ya rufe da ta huɗu. Afirka ta Kudu ta ci Ruwanda 3 da nema ta wuce da maki 18, Najeriya ta zo ta biyu da 17, Benin ita ma da 17 ɗin ta sauka ta uku. Zakara dai ya tsira da ransa.

Abin lura shi ne, ko a cikin masu goyon bayan Najeriya ba mu samu wanda ya ce hukuncin bai dace ba. Ƙorafin kowa a kan jinkirin ne. Wasu na ganin da a ce Lesotho ko Benin ce ta yi wannan kuskure, da ba za a yi wata guda ba a yanke mata hukunci, amma da yake ƙasa ce mai kuɗi da faɗa-a-ji, sai aka yi ta jan ƙafa. Wasu kuma sun ce ba a nan gizo ke saƙar ba, domin ita Lesotho ba ta shigar da ƙara cikin wa'adin da doka ta tanada ba, shi ya sa sai da FIFA ta buɗe shari'ar da kanta. Duk da haka, su ma sun yarda cewa barin ƙasashe shida suna buga wasanni ba tare da sanin ainihin makin da ke hannun kowa ba, zalunci ne ga kowa, har da ita wadda aka hukunta.

Laifi tudu ne

Da gardama ta yi nisa, wani dattijo da ya ce ya yi shekaru yana fataucin albasa zuwa Sakkwato, sai ya tuna wa 'yan Najeriya cewa su ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A Nuwamban 2017, Najeriya ta saka Shehu Abdullahi, ɗan asalin Sakkwato, a wasanta da Aljeriya a birnin Constantine alhali yana da katin gargaɗi biyu. An tashi kunnen doki 1 da 1, amma FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci 3 da nema, ta kuma ci tarar Najeriya faran 6,000. Abin da ya cece ta shi ne ta riga ta samu gurbin zuwa Rasha kafin wasan. Kocin Najeriya a lokacin kuwa shi ne Rohr ɗin nan.

Ita ma Benin ba wannan ne karon farko da ta ci moriyar hukuncin ofis ba. A Maris na 2023, a wasannin neman shiga Gasar Kofin Afirka, ta tashi 1 da 1 da Ruwanda a Kigali, daga baya hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba ta nasara da ci 3 da nema saboda Ruwanda ta saka Kevin Muhire wanda bai cancanci buga wasan ba. Amma a watan Satumba Mozambik ta doke ta da ci 3 da 2, ta kuma rasa gurbin. Sau biyu ke nan ofis na buɗe wa Benin ƙofa, fili na rufewa.

Akwai kuma wanda har yanzu yake yi wa 'yan Benin ciwo. A Maris na 2021 sun je Freetown domin wasan ƙarshe da Saliyo, sai aka ce gwaji ya nuna manyan 'yan wasansu biyar na ɗauke da cutar korona. Suka ƙi amincewa da sakamakon, aka ɗage wasan zuwa watan Yuni a Konakiri, inda Saliyo ta ci 1 da nema ta wuce. Idan ɗan Najeriya ya kawo labarin yadda aka bar Super Eagles cikin filin jirgin saman Al Abraq na Libiya a Oktoban 2024, har CAF ta ba su wasan da ci 3 da nema ta ci tarar Libiya dala 50,000, sai ɗan Benin ya tambaye shi ina nasu maki ukun na Freetown. Shari'o'in biyu ba iri ɗaya ba ne, amma a idon ɗan kallo, bambancin kawai shi ne ɗaya babba ce, ɗaya ƙarama.

'Yan mowa da 'yan bora

Wannan zargi ya fi ƙarfi idan aka koma gasar Firimiya ta Ingila, wadda ita ce ta fi cika gidajen kallo. A Nuwamban 2023 an zaftare wa Everton maki 10 saboda ta wuce iyakar asarar da aka yarda kulob ya yi, wato fam miliyan 105 cikin shekara uku. Bayan ɗaukaka ƙara aka mayar da shi maki 6, sannan a Afrilun 2024 aka ƙara cire mata 2. A Maris na 2024 aka cire wa Nottingham Forest, inda Taiwo Awoniyi da Ola Aina ke wasa a lokacin, maki 4. Ita kuwa Manchester City, tun Fabrairun 2023 aka tuhume ta da laifuffuka fiye da 100 da suka shafi harkar kuɗi, an saurari shari'ar daga Satumba zuwa Disamban 2024, amma shekarar 2025 ta ƙare ba a ji hukunci ba. Kafin nan ma, haramcin shekara biyu da hukumar ƙwallon Turai ta yi mata a Fabrairun 2020, kotun wasanni ta duniya ta soke shi a watan Yuli na shekarar.

Ga yawancin samarin da muka tattauna da su, wannan ya isa hujja cewa doka tarko ce da ke kama ƙananan kifaye kawai. Magoya bayan City kuwa cewa suke yi Everton da Forest sun amsa laifinsu ne, ita kuma City ta musanta, don haka dole shari'a ta yi tsawo. Wani malamin makaranta ya kawo misalin Juventus, wadda a 2006 aka ƙwace mata kofunan Italiya biyu aka tura ta rukuni na biyu saboda badaƙalar alƙalan wasa, yana mai cewa giwa ma tana faɗuwa. Sai dai wani ya amsa masa da cewa giwar da za a yi shekara ashirin ana ba da labarin faɗuwarta, ai ta nuna ba kullum ake kayar da irinta ba.

A namu ganin, kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Ba lallai ne doka ta bambanta tsakanin babba da ƙarami ba, amma babba na da kuɗin ɗaukar lauyoyin da za su ja shari'a shekara da shekaru, ƙarami kuwa ba shi da su. Abin da ke kashe wa ɗan kallo gwiwa ke nan.

Ɗan wasan da hukunci ya kora

A kan batun samo 'yan wasa, babu labarin da ya kai na marigayi Razak Omotoyossi jan hankali a wannan yanki. An haife shi a Legas a 1985, yana wasa a Sunshine Stars ta Akure lokacin da hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi shekara biyar bisa zargin cin zarafin alƙalin wasa. Sai ya tsallaka Benin, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya buga mata Gasar Matasa ta Afirka da ta karɓi baƙunci a 2005, da ta duniya da aka yi a Holan a shekarar. Daga nan ya wuce Sheriff ta Moldoba da Helsingborg ta Suwidin da Al Nassr ta Saudiyya, ya kuma ci wa Benin ƙwallaye sama da 20. Ya rasu a Agustan 2025.

Ba shi kaɗai ba ne. Muri Ogunbiyi, wanda ya ci Kofin Zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, Benin ya buga wa wasa. Haka Tosin Aiyegun, wanda ya ci ƙwallon Kigali da ta kusa kai Benin Kofin Duniya, haifaffen Legas ne. 'Yan Najeriya kan yi wa maƙwabtansu tsiya cewa da ragowar tuwonsu Benin ke karin kumallo, su kuma su mayar da martani cewa wanda ya zubar da abu ba shi da bakin yi wa wanda ya tsinta gori. Ba kuma sa mantawa su tuna musu ranar 10 ga Yuni, 2024 a Abijan, lokacin da Jodel Dossou da Steve Mounié, haifaffen Parakou, suka ci Najeriya 2 da 1.

A nan ne wani matashi ɗan acaɓa ya yi tambayar da ta sa wurin ya yi tsit. Ya ce in har ana iya zuwa Legas da Faransa a nemo 'yan wasa, me ya hana a zo Madekali da Garu da Gene da Karimama? Ya ce shi bai taɓa ganin wani mai farautar 'yan wasa ya tsaya a bakin filinsu ba, kuma yaron da ya iya taka leda a nan, sai dai iyayensa su sayar da buhunan shinkafa ya tafi Kandi ko Parakou ko Kwatano gwaji, ko ya tsallaka Birnin Kebbi ko Sakkwato, in an dace shi ke nan, in ba a dace ba ya dawo gona.

Wannan ne ke ba 'yan damfara dama, masu zuwa da alkawarin kai yaro Turai. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta haramta cinikin ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da wasu 'yan dalilai, kuma saboda karya ta ne aka hana Barcelona sayen 'yan wasa a hukuncin 2014, aka kuma hana Chelsea a 2019. Ɗaya daga cikin dalilan da aka keɓe ya shafi mazauna kan iyaka kai-tsaye, domin yaron da gidansu bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, yana iya yin rajista da kulob ɗin da shi ma bai wuce kilomita 50 ta ɗaya ɓangaren ba, muddin zai ci gaba da zama a gidan iyayensa kuma hukumomin ƙasashen biyu sun amince. Babu ko mutum ɗaya a cikin waɗanda muka zanta da su da ya taɓa jin wannan.

Da me ake auna girma?

Idan aka zo gardamar babbar ƙungiya, ma'auni uku muka ji ana kawowa: kofuna, da kuɗi, da yawan jama'a. Masu ma'aunin kofuna sun ce a Benin babu kamar Dragons ta Porto-Novo mai kofin lig 12, sai 'yan arewa su ɗaga Buffles ta Parakou da ta ci a 2014 da 2017 da 2019. Masu ma'aunin kuɗi kuma su nuna Coton, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, suna cewa tarihi ba ya biyan albashi.

Masu ma'aunin jama'a kuwa, Kano Pillars ce hujjarsu, kuma tana da masoya a nan fiye da yadda mutum zai zata. An kafa ta a 1990, ta ci lig ɗin Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Afirka a 2009, kuma cikar filin wasa na Sani Abacha a ranar wasanta abu ne da aka sani ko'ina. Amma wannan taron jama'a shi ne ya sha jawo mata asara. A Afrilun 2022 an cire mata maki 3 da tarar naira miliyan 9 bayan an farfasa motar Katsina United, a ƙarshen kakar kuma ta faɗa rukuni na biyu. A Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi 1 da 1, 'yan kallo suka afka fili, aka sake cire mata maki 3 da ƙwallo 3, da tarar naira miliyan 9 da rabi, aka kuma mayar da wasanninta na gida Katsina.

Wani masoyinta ya ce mana an tsananta hukuncin don ana baƙin cikin farin jininta ne. Abokinsa da ke gefe, shi ma mai cewa sai masu gida, bai yarda ba. Ya ce tuwon girma miyarsa nama, duk ƙungiyar da ke alfahari da dubban masoya, to wajibinta ne ta iya tsare alƙalin wasa da baƙinta daga hannunsu.

Abin da muka taho da shi

Bayan mun tattara duk abin da muka ji, sai muka lura da wani abu guda. Mokoena bai doki kowa ba, Shehu bai zagi kowa ba, Muhire bai karɓi cin hanci ba. Abin da ya jawo asarar makin ƙasashensu shi ne an rasa ma'aikaci ɗaya da zai buɗe littafi ya ƙirga kati biyu. Haka ita ma Pillars, ba rashin 'yan wasa ne ya cinye mata maki ba, rashin tsari ne a bakin ƙofa da gefen fili. Ashe akwai ma'auni na huɗu da ba a cika kawo shi a gidan kallo ba, wato iya riƙe littafi da bin ƙa'ida.

Wannan darasi bai tsaya a Zurich ko Alƙahira ba. A gasannin hutun makaranta da ake yi tsakanin ƙauyuka da unguwanni a wannan yanki, abin da ya fi kawo faɗa shi ne sojan haya, wato a ɗauko ɗan wasa daga wani gari ko daga tsallaken iyaka ranar wasan ƙarshe a ce ɗan unguwa ne, ko a rage wa ƙato shekaru ya shiga cikin yara. Da yake sau da yawa babu rubutacciyar doka, sai a bar hukunci a hannun wanda ya sayi kofin, shi kuma ya duba fuska. Daga nan a shiga gaba tsakanin ƙauyukan da ke auratayya da cin kasuwa ɗaya.

Don haka muna kira ga masu shirya irin waɗannan gasanni da su riƙa rubuta sunayen 'yan wasa da hotunansu tun kafin a fara, a karanta wa kowa doka a gaban shugabannin gari, a kuma yanke duk wani hukunci kafin wasa na gaba, kada a yi irin ta FIFA. Muna kuma kira ga hukumar ƙwallon Benin da ta waiwayi bakin kogi, domin yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a Madekali ba su gaza na Kwatano ba.

Da za mu bar garin, mun sake bi ta wurin mai ɗinkin buhun nan muka tambaye shi labarin zakara. Ya yi dariya ya ce yana nan yana ta cara, ya ajiye shi sai wasannin neman gurbin 2030, amma a wannan karon ba zai sake yin alkawari a kan makin ofis ba, sai ya ga an hura usur na ƙarshe.